Tufafi marasa tambari: yadda ake ɗinka su bisa adalci har a kai su kanti

Rigar da ba a buga mata suna a ƙirji ba, ba ta da abin fakewa. Mai saye zai shafa yadin, ya ja wuyan, ya juya cikin ya duba ɗinkin, sannan ya tambayi dalilin da ya sa ta fi ta kusa da ita tsada. A intanet kana da fili ka yi masa bayani da hotuna da dogon rubutu. A kanti kuwa rigarka tana ninke kusa da ta wani, ba ka nan, ma'aikacin kantin ma wataƙila bai san ko kai wane ne ba. Saboda haka duk abin da kake so rigar ta faɗa, dole ya kasance a jikinta, a ɗan lakabin da ke rataye da ita, da kuma takardun da za ka iya nunawa idan an tambaye ka.

Sana'ar ba sabuwa ba ce. Kamfanin Muji ya fara a Japan a 1980 da kaya 40 a cikin kantunan Seiyu, ya buɗe shagonsa na farko a Tokyo a 1983. American Apparel ya fara da sayar da riguna marasa zane a kan sari ga masu buga rubutu, daga baya yana ɗinka su a masana'antarsa ta Los Angeles, sannan ya shiga buɗe shaguna daga 2003. Everlane ya shafe shekaru a intanet kafin ya buɗe shago na dindindin a New York a 2017. Matakan da ke ƙasa na wanda yake son bin irin wannan hanya ne da ƙaramin jari.

Fara da kaya kaɗan

Riga mai gajeren hannu guda ɗaya, launi biyar, girma shida, ta zama kaya iri 30 ke nan, kowane da lambarsa da gurbinsa a sito. Ka ƙara mai dogon hannu da suwaita da wando, ka haura 100 tun ba ka sayar da ko ɗaya ba. Abin da ke ƙara nauyin lamarin shi ne marina: ba ta rina yadi kaɗan, tana da mafi ƙarancin abin da take zubawa a tukunya ɗaya. Riga matsakaiciya tana cin kusan giram 240 na yadi idan an haɗa da wuya da ɓarnar yanka, wato kilo ɗaya riga huɗu. Idan marinar ta ce ba ta karɓar ƙasa da kilo 300 a kowane launi, riga 1,200 ke nan a launi ɗaya, 6,000 a launi biyar. Fara da baƙi da fari da toka-toka, ƙila da shuɗi mai duhu. Sauran launuka su jira sai waɗannan sun dawo da kuɗinsu.

Yadi

A nan ne rabin aikin yake. Abubuwa huɗu za ka rubuta wa masaƙa, kada ka bar ko ɗaya a kan fatar baki.

Na farko irin audugar da yadda aka kaɗa zaren. Nemi wadda aka taje kafin a kaɗa, domin tajewar tana fitar da gajerun silalla, su ne ke tasowa bayan wanki su dunƙule su zama ƙananan ƙuraje a jikin riga. Na biyu kaurin zaren: lamba 30 ita ce aka fi yin riga mai laushi da ita, lamba 24 ko 20 ta fi kauri, domin a wannan ma'auni idan lamba ta yi ƙasa zare yana ƙara kauri. Na uku nauyin yadin, wato giram nawa ne a murabba'in mita ɗaya. Daga 140 zuwa 150 yadi ne mara nauyi, farinsa yakan nuna jiki. Daga 160 zuwa 190 shi ne tsaka-tsaki, kuma shi muka fi ba da shawara ga wanda zai shiga kanti. Daga 200 zuwa sama mai nauyi ne. Suwaita takan kama daga 280 zuwa 350. Na huɗu yadin wuya: saƙa mai layi-layi, da zaren roba kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari, in ba haka ba wuyan zai saki ya yi baki bayan 'yan wankin farko.

Kada ka ɗauka nauyi shi ne inganci. Yadi mai giram 220 da aka saƙa da zare mara kyau zai yi ƙuraje kafin mai giram 165 da aka yi da zaren da aka taje.

Auna nauyin da kanka: yanki murabba'i santimita 10 a 10, ka ɗora a sikeli mai auna ƙananan giram, ka ninka abin da ya nuna sau 100. Idan ya nuna 1.80, nauyin 180 ne. Ɗauko daga wuri uku a dami, ban da bakin yadi. Bambancin kashi 5 cikin ɗari abu ne da aka saba yafewa, fiye da haka a mayar.

Gwaje-gwajen da ba a tsallakewa

Tsukewa. Zana murabba'i santimita 50 a 50 a kan yadin da alƙalamin da ba ya gogewa, ka wanke a ruwa mai ɗumin digiri 40 sau uku, kana busarwa irin yadda lakabinka zai ce a busar. Idan 50 ta koma 47.5, ya tsuke da kashi 5, iyakar abin da za ka yarda da shi ke nan. Yadin da ya wuce haka yawanci an ja shi ne da ƙarfi a injin busarwa don ya ƙara tsawo, ba a bi da shi ta injin da ke danne shi ya koma yadda yake ba.

Murɗewa. Wannan ita ce cutar rigunan saƙa: bayan wanki sai ɗinkin gefe ya bar gefe ya zagayo gaban ciki. Daga zaren take, idan an murɗa shi da yawa wajen kaɗi yana ƙoƙarin warwarewa. Shimfiɗa rigar da aka wanke, ka auna nisan da ɗinkin gefe ya kauce a ƙasa, ka raba da tsawon rigar. Santimita 3.5 a riga mai tsawon 70 kashi 5 ne. Guga ba ta gyara wannan, ɓoye shi kawai take yi zuwa wanki na gaba.

Zuba da koɗewa. Ɗakunan gwaji suna ba da maki daga 1 zuwa 5. Nemi 4 a wanki, 4 a gogayya a bushe, aƙalla 3 a gogayya a jiƙe. Baƙi da shuɗi mai duhu su ne ke yawan faɗuwa a gwajin jiƙe, sau da yawa saboda ba a ɗauraye ragowar rini sosai ba.

Launi a ƙarƙashin fitila. Mutane da yawa ba su san da wannan ba sai kaya sun isa kanti. Launi biyu suna iya zama ɗaya a hasken rana, su bambanta a ƙarƙashin fitilar kanti. Sai ka ga jikin riga baƙi ƙirin, wuyanta kuma ya ɗan yi ja-ja. Ce wa marina ta duba ɗan samfurin launi a akwatin haske da fitila biyu, D65 mai kwaikwayon hasken rana da TL84 irin ta kantuna, kuma a rina yadin wuya da na jiki a tukunya ɗaya. Ka yanki samfurin da ka amince da shi gida biyu, ka sa hannu, ɗaya a wurinka ɗaya a marina, a ajiye a ambulan da haske ba ya shiga.

Umarnin ɗinki

Rubuta takarda guda da ta ƙunshi zanen rigar gaba da baya, awon kowane girma, da iyakar kuskuren da ka yarda da shi, yawanci santimita 1 a faɗin ƙirji da tsawo, rabin santimita a wuya. Ka fayyace ɗinki: cin baki mai zare huɗu a gefe da hannu, kalmasa mai allura biyu a ƙasa da bakin hannu, ɗinki 10 zuwa 12 a kowane inci. A sa siririn ƙyalle daga kafaɗa zuwa kafaɗa ta bayan wuya, shi ke hana kafaɗa zubewa. A bar yadi ya huta a warware na awa 24 kafin a yanka, domin wanda aka yanka yana ɗaure daga dami zai koma bayan an ɗinka, girman L ya fito kamar M.

Samfuri kashi uku ne: na farko don ganin siffa, na biyu riga ɗaya a kowane girma, na uku wanda aka ɗinka da ainihin yadi da zare da lakabin da za a yi aikin da su. Kada a fara yanka sai ka sa hannu a na ukun.

Zaɓen masana'anta

A ranar 24 ga Afrilun 2013 ginin Rana Plaza ya rufta a Bangladesh, mutum fiye da 1,100 suka mutu, yawancinsu maɗinka. An ga tsagewar bango tun kwana ɗaya kafin nan, amma aka sa ma'aikatan ɗinki suka koma ciki. Watanni bakwai kafin wannan, gobara ta kashe fiye da mutum 250 a masana'antar Ali Enterprises da ke Karachi, makonni kaɗan bayan an ba ta takardar shaidar SA8000 ta binciken yanayin aiki. Ka riƙe wannan na biyun a ranka duk lokacin da aka miƙo maka takarda mai hatimi. Takardar tana nuna abin da mai bincike ya gani a ranar da ya zo, kuma sau da yawa an san da zuwansa.

Ga yadda za ka bi. Da farko nemi ainihin adireshin inda za a yanka, a ɗinka, a goge, a ninke, ba na ofishin dillali ba. Bincika sunan a Open Supply Hub, rumbun bayanan masana'antu a intanet da kowa ke iya dubawa kyauta. Idan a Bangladesh ko Pakistan take, duba ko tana ƙarƙashin yarjejeniyar kare lafiyar ma'aikata da aka fara sa wa hannu a 2013 bayan Rana Plaza, wadda aka faɗaɗa zuwa Pakistan a 2023. Ita wannan ta bambanta da sauran domin doka tana ɗaure kamfanonin da suka sa hannu, kuma injiniyoyi ne ke duba gini da wayoyin lantarki da hanyoyin tsira.

Sannan ka je, ko ka tura wanda ka yarda da shi, sau ɗaya da sanarwa, sau ɗaya ba sanarwa. Ka tura ƙofofin fita da hannunka: a buɗe suke, waje suke buɗewa, ko an jibge kwalaye a gabansu? Dubi ranar da ke jikin tukunyar kashe gobara. Nemi takardun albashi na wata uku, ciki har da watan da aiki ya fi yawa, ka zaɓi sunaye goma da kanka, ka gwada su da rajistar shiga da fita. Ma'aunin da yawancin ƙa'idojin sana'ar suka ɗauka shi ne awa 48 a mako, ƙarin lokaci da yardar ma'aikaci kuma a biya shi da ƙari, jimilla kada ta wuce awa 60, da hutun kwana ɗaya a cikin bakwai. Yarjejeniya ta 138 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta sa shekara 15 a matsayin mafi ƙarancin shekarun aiki, da ɗan sassauci ga wasu ƙasashe, aiki mai haɗari kuma sai 18. Idan rajista ta nuna kowa yana tashi ƙarfe biyar daidai kullum har a watan cunkoso, akwai rajista ta biyu da ba a nuna maka ba. Littafin karyewar allura da na ɗakin shan magani sukan tona asiri, domin a nan ake rubuta ainihin lokacin da abu ya faru. Tambayi ko akwai ƙungiyar ƙwadago da ma'aikata suka zaɓa da kansu, ko an riƙe wa wani fasfo ko katin shaida, ko wani ya biya dillali kuɗi kafin ya sami aikin. Magana da ma'aikata kuwa a waje ake yin ta, ba a gaban shugaban layin ɗinki ba.

Sai lissafin ƙarfin masana'antar. Ƙirga kekuna, ka tambayi riga nawa layi ɗaya ke fitarwa a rana, da yawan odar da ke gabanka. Idan lissafi ya nuna ba za su iya gama naka a ranar da suka yi alkawari ba amma sun ce za su iya, to ko dai za a kwana ana aiki, ko a kai kayanka wani ɗan lungu da ba ka sani ba. Rubuta a yarjejeniya cewa ba a fitar da aiki waje sai da izininka a rubuce.

Ɗinki ma mataki ɗaya ne kawai. Akwai marina, masaƙa, masu kaɗa zare, masu gurzar auduga, da gona. Nemi sunan marina da masaƙa tun a odar farko, ka tambayi inda marinar ke zubar da ruwan rini da ko tana tace shi. Asalin audugar kuma ya zama batun doka: tun Yunin 2022 Amurka tana ɗaukar duk kayan da ke da alaƙa da yankin Xinjiang na China a matsayin na aikin tilas, sai mai shigo da su ya kawo hujjar akasin haka.

Ladan maɗinki

Mafi ƙarancin albashi na doka daban, albashin da zai ishi iyali daban, kuma a yawancin ƙasashen da ake ɗinki tazarar tana da faɗi. Ƙungiyar Global Living Wage Coalition tana wallafa ƙiyasin albashin da zai ishi iyali na yankuna da dama bisa wata hanyar lissafi da ake kira Anker. Ga yadda za ka mayar da tazarar zuwa kan riga ɗaya. Awa 48 a mako minti 2,880 ne, a wata kusan 12,470. A ce rigarka tana cin minti 8 a ma'auni, layin kuma yana aiki da kashi 60 cikin ɗari na ƙarfinsa, to minti 13 da 'yan kai ake biya a kowace riga, wato kusan riga 935 a wata ga ma'aikaci ɗaya. Raba tazarar albashin wata da 935, ka ƙara kason masu yanka da masu guga da masu shara. Abin da zai fito yawanci ƙarami ne idan aka gwada shi da kuɗin da mai saye ke biya a kanti. Ka sa wannan a layinsa daban a takardar farashi, a yarda cewa ba a taɓa shi wajen ciniki, sannan ka ga shaidar ya shiga takardar albashi. Ƙungiyar Fair Wear tana da hanyar wannan lissafi a buɗe.

Halinka na saye shi ma yana cikin adalcin. Canza launi bayan an rina, jinkirta amincewa da samfuri ba tare da ɗaga ranar kai kaya ba, soke oda bayan an yanka, biyan kuɗi bayan wata uku: duk a kan maɗinki suke ƙarewa. Ka ba da kafin alƙalami, ka biya ragowar a ranar da aka yi alkawari.

Takardun shaida: me kowace ke nufi

GOTS tana duba auduga da aka noma ba da takin zamani da maganin ƙwari na sinadari ba, da sarrafa ta har zuwa ɗinki, da wasu sharuɗɗan aiki. Matakinta biyu, bisa yawan irin wannan audugar a cikin yadi: kashi 95 zuwa sama, da kashi 70 zuwa sama. Takardar da ke nuna masana'anta ta cancanta ba ta isa ba, sai ka karɓi takardar ciniki ta ainihin kayanka, mai ɗauke da nauyi da lambar oda. OEKO-TEX Standard 100 tana gwada sinadarai masu cutarwa a jikin kaya, ba ta cewa komai game da albashi. Fairtrade a kan auduga ta fi shafar farashin da manomi ya samu. SA8000 da WRAP da amfori BSCI binciken yanayin aiki ne a masana'anta. Kowace ka faɗi abin da ta tabbatar kawai.

Ka kiyayi manyan kalmomi. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 2024/825, wadda aka tsara fara aiki da ita daga Satumban 2026, ta hana da'awar kare muhalli ta gaba ɗaya da ba ta da hujja, Birtaniya ma tana da ƙa'idarta tun 2021. "An ɗinka a masana'anta kaza, a gari kaza, auduga ɗari bisa ɗari, giram 180" ya fi "mai kare duniya" ƙarfi, kuma ba wanda zai kai ka ƙara a kansa.

Duba kaya kafin su bar masana'anta

Ba a duba kowace riga, ɗiba ake yi bisa jadawalin ISO 2859. A matakin da aka saba, oda mai riga 501 zuwa 1,200 ana ɗibar 80: manyan aibobi 5 an karɓa, 6 an mayar, ƙananan aibobi kuma har 7. Oda mai 1,201 zuwa 3,200 ana ɗibar 125, manyan aibobi har 7, ƙanana har 10. Huji, ɗinkin da ya tsallake, awon da ya wuce iyaka, da bambancin launi tsakanin hannu da jiki manya ne. Zaren da ba a datse ba ƙarami ne. Guntun allura a cikin riga kuwa ko ɗaya ba a yafewa, shi ya sa ake bi da kaya ta na'urar gano ƙarfe. Kai za ka zaɓi kwalayen, daga sama da ƙasa da tsakiya.

Fararen riguna sukan yi rawaya-rawaya a sito ba tare da kowa ya taɓa su ba. Sinadarin BHT da ke cikin wasu ledoji ne ke haɗuwa da hayaƙin injuna a iska. Nemi leda mara BHT, kuma kada a rufe kaya da ɗumin guga a jikinsu, danshi yana kawo fumfuna a kwantena.

Hanyoyin shiga kanti da lissafinsu

Hanya huɗu ce. Sari, inda kanti ke saye ya biya. Ajiya, inda kake ba da kaya sai an sayar a biya ka, abin da ya rage ya dawo maka. Kusurwa a cikin babban kanti, kai ke kula da kaya, su ɗauki kaso. Sai shagonka na kanka. Akwai kuma shagon wucin gadi na 'yan makonni, wanda ya fi kowanne arahar koya maka wane girma ake nema da abin da mutane ke faɗa a ɗakin gwaji.

Ga lissafin da ke kayar da mutane. A ce riga ta iso sitonka a kan 100, kana sayarwa a intanet 300. Kanti yana son ya ninka abin da ya saya sau 2 zuwa 2.5. In farashin mai saye zai tsaya a 300, kuma dole ya tsaya domin kanti ba zai yarda ka karya shi a shafinka ba, to za ka ba shi a kan 120 zuwa 150. Ribarka ta sauko daga 200 zuwa 20 ko 50. A cikin wannan za ka biya jigila, samfura, da tarar da manyan kantuna ke cira idan lakabi ya kauce ko kaya sun makara, sannan ka jira kwana 30 ko 60 kafin kuɗi su shigo, alhali ka biya masana'anta tun watanni. A daidai nan ne mutum yake ɗaukar waya ya ce wa masana'anta ta rage masa. In ka ga lissafin ba zai tafi ba sai an taɓa layin ladan maɗinki, rigar ba ta shirya shiga sari ba. Ko ka sa farashi tun farko da kanti a zuciya, kusan ninki huɗu zuwa biyar na abin da ta iso maka, ko ka rage kuɗi ta wajen yawan oda da ƙarancin launuka da jigilar ruwa maimakon ta sama, ko ka tsaya a kusurwa da shagon wucin gadi.

Shagon kai yana barin riba duka a hannunka, amma haya da albashi ba sa jiran ciniki. American Apparel ya buɗe shaguna sama da 200 cikin 'yan shekaru, bashi da rikicin shugabanci suka taru a kansa, ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi a 2015 da kuma 2016, kamfanin Gildan ya sayi sunan a 2017, shagunan suka rufe. Kada ka buɗe na biyu sai na farko ya riƙe kansa shekara guda cur, da watannin ciniki da na rashinsa.

A yarjejeniyar kanti, karanta wa ke ɗaukar asarar rangwame, ko za a iya dawo maka da abin da bai sayu ba, da wanda ke biyan abin da aka sace. A tsarin ajiya musamman, a rubuta cewa kayan naka ne har sai an sayar, don kada kanti ya durƙushe masu binsa bashi su kwashe.

Lakabi da lamba

Rashin tambari a waje bai ɗauke maka lakabin ciki ba. Tarayyar Turai tana wajabta bayyana abin da aka saƙa yadi da shi. Amurka tana neman wannan, da ƙasar da aka yi kayan, da sunan kamfani ko lambar rajistarsa, da umarnin wanki. Alamomin wanki na ISO 3758 su ne aka fi sani. Buga bayanin a cikin wuya maimakon ɗinka ƙyalle yana hana ƙaiƙayi, amma a gwada shi da wanki da yawa, mara kyau yana tsagewa ya ɓare. Kowane girma a kowane launi yana buƙatar lambarsa ta na'urar kanti, kuma daga GS1, ƙungiyar da ke ba da waɗannan lambobi, ake samo ta. Manyan kantuna sukan ƙi lambobin da aka saya hannu na biyu, domin rajista tana nuna sunan wani. Ka yi wa sunanka rajista ko da ba ya fitowa a ƙirji, ka kuma ba kowace riga lambar salo da ba ta canzawa, don wanda ya ji daɗinta ya dawo ya nemi irinta.

A kan kantar kanti

Kayan saƙa ninkewa ake yi. Siririyar hanga tana fitar musu da ƙusumbi a kafaɗa, nauyinsu kuma ya ja su su ƙara tsawo. Yi amfani da allon ninki don faɗin ya zama ɗaya, a manna alamar girma a bakin ninkin, ƙarami a sama babba a ƙasa. A rataye guda ɗaya a kowane launi a faffaɗar hanga don taɓawa, in ba haka ba za a yage ledoji a hargitsa jerin, farare su yi dauɗa. Ɗan katin da ke jikin rigar ya ɗauki abu huɗu: inda aka ɗinka, nauyin yadi, irin audugar, da yadda za ta tsuke. Ma'aikatan kanti ka ba su riga su sa, ka koya musu jimla biyu da za su faɗa idan an ce ta yi tsada.

Odar farko ta kanti a kan rabon 1:2:2:1 ake yawan yin ta daga S zuwa XL. Bayan mako shida ka karɓi bayanin abin da ya fita a kowane girma, ka gyara rabon da shi. Launin da M da L suka ƙare a cikinsa ya mutu a idon mai saye ko da kantar cike take da sauran girman.

Kayan yau da kullum ba sa bin yayi, abin da ake nema a wurinsu shi ne a same su kullum, iri ɗaya. Lissafin sake oda: abin da ke fita a mako, sau makonnin da oda ke ɗauka, da ƙarin na ko-ta-kwana. Riga 40 a mako, oda mai mako 12, da ajiyar mako 4, idan sito ya sauko 640 a tura sabuwa. Ajiye ɗanyen yadin da ba a rina ba a masaƙa yana rage jiran da makonni, yana kuma ba masana'anta damar yin aikinka a lokacin da layinta ba cunkoso. Kowace sabuwar tukunyar rini a gwada ta da samfurin farko da ke cikin ambulan, ba da ta baya ba, domin in ana gwadawa da ta baya launin zai riƙa zamewa kaɗan-kaɗan har toka-tokar bana ta daina kama da ta bara. A rubuta lambar tukunya a kowane kwali, kuma a sito a fitar da tsohuwa kafin sabuwa, kada biyun su haɗu a jeri ɗaya.